Taure a Banɗakin Farfesa

Shafi na 12

Tauren ya cinye babi na huɗu gaba ɗaya, ya ɗora da shafi shida na babi na biyar. Bangon kam bai taɓa ba, saboda roba ne.

Abin ya faru ranar Lahadi, tsakanin sha ɗaya na safe da biyu na rana, a kan babbar hanyar Karak, cikin banɗakin mota mai ɗaki ta Farfesa Adnan. Mai littafin shi ne Maitama Sule, ɗan Wudil, ɗalibin digiri na uku a fannin tattalin arzikin noma, mazaunin unguwar Taman Melati a Kuala Lumpur, Malesiya. Mai tauren ma shi ne.

Masu tambaya a sharhi ko sun dawo Kuala Lumpur: sun dawo. Ga yadda suka dawo.

Ranar ce ta tara kuma ta ƙarshe a tafiyar. Su huɗu ne: Maitama da matarsa Hadijatu, abokinsa George ɗan Zonkwa mai aikin kwamfuta a Sentul, da matar George, Priscilla, ma'aikaciyar jinya mai cikin wata bakwai. Sun bi ta Ipoh, Sintok, Kota Bharu da Kuantan suna sauke wa 'yan gida sallahun kuka da daddawa da yaji, suna tsayawa a duk kasuwar ƙauyen da suka gani. Motar aro ce. Farfesa Adnan, malamin da ke duba littafin Maitama, shi ya ba da ita, da sharuɗɗa uku a rubuce, manne a saman ƙofa: ba sigari, ba durian (ɗan itacen nan mai ƙarfin wari), ba dabba ko da kyanwa ce.

Da ƙarfe ɗaya da arba'in motar tana tsaye cak a hawan Genting Sempah, kafin inda hanya ta ratsa cikin dutse. Cunkoson Lahadi ne, kowa na komawa birni. George ke tuƙi, Maitama na gefensa. George yana rera waƙar coci da ƙarfi, karo na shida tun barinsu Temerloh.

Priscilla ta ajiye robar ruwa a kan tebur.

"Dear."

"Na'am."

"Fitsari."

"Ba yanzu kika yi a Karak ba?"

"Wancan nawa ne. Wannan ɗanka ne ya taka min mara."

"Ki daure, Madam," in ji Maitama, bai juyo ba. "Da mun wuce dutsen nan akwai wurin hutawa."

"Minti nawa?"

"Ashirin."

"Awa ɗaya," in ji Hadijatu, idonta a kan taswirar wayarta. "Ja ne har Gombak."

Priscilla ta miƙe, dafe da ƙugu, ta nufi banɗaki. Ƙofar a rufe take, an kuma ɗaure marikinta da igiyar shanya.

"Wa ya yi wannan ɗaurin?"

"Ai na gaya muku tun safe ya lalace," in ji Maitama.

"Me ya lalace?"

"Famfo," in ji Maitama.

"Tanki," in ji George, a lokaci guda.

Suka dubi juna.

"Famfon tanki," in ji George.

"Shekara shida na yi a ɗakin haihuwa a Kafanchan. Babu abin da ke cikin banɗaki da zai ba ni tsoro. A kwance min."

Hadijatu ta ajiye waya.

"Abban Khaulah, ni fa tun ɗazu nake jin wani wari."

"Sauran daddawa ce."

"Daddawa ta ƙare a Kuantan, gidan Maman Zuhra."

"To kifin da kuka sayo."

"Kifi ba ya warin garke."

Sai aka ji an buga ƙofar banɗakin daga ciki. Sau biyu.

George ya ɗaga murya, ya kama baiti na gaba.

"George Danladi," in ji Priscilla, "in ka ƙara layi ɗaya, a nan zan yi shi, a kan kafet ɗin Farfesa."

Waƙa ta tsaya.

Hadijatu ta buɗe durowar kicin, ta ɗauko wuƙar yanka albasa, ta yanke igiyar. Ƙofar ta buɗe da kanta.

Ja ne, mai farin goshi. Ƙafafunsa na gaba suna kan murfin masai. Ya dubi matan biyu ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da tauna.

"Yesu!"

"Innalillahi!"

"Akuya!"

"Taure ne," in ji Maitama daga gaba, a hankali.

Priscilla ce ta fara dawowa hayyacinta, domin larurarta ba ta tafi ba.

"Ko raƙumi ne, a fitar min da shi."

Hadijatu ta jawo shi da igiyar wuyansa zuwa tsakiyar mota. Priscilla ta shige ta rufo ƙofa. Hadijatu ta tsaya, wuƙa a hannun dama, taure a hagu.

"Daga ina?"

Ta juya wajen direba.

"George, kai nake tambaya. Kai ba ka iya ƙarya ba, kunnenka ke rawa."

"Hajiya, ni fa direba ne kawai."

"Daga ina?"

"Kasuwar safe. Lokacin da kuke wajen masu kifi."

"George," in ji Maitama.

"Dakta, wuƙa ce a hannunta." Ya gyara madubi don ya riƙa ganinta. "Muna tsaye bayan masu ayaba, ga wani tsoho da awaki uku. Sai Dakta ya ce, George, zo in nuna maka yadda ake ciniki a Wudil, ku mutanen Zonkwa ba ku san komai ba sai citta. Ya buɗe bakin wannan ya duba haƙora. Ya matsa gadon baya. Ya ɗaga shi cak ya sauke. Sannan ya ɓata fuska kamar mushe aka nuna masa."

"Haka ake yi," in ji Maitama. "Ba a nuna wa mai dabba an yaba."

"Ya ce min, yanzu zan taya ƙasa-ƙasa. Tsohon zai ji haushi ya ce albarka. In juya kamar zan tafi, ya kira ni. Mu yi ta ja har rana ta yi zafi, sannan in ce sai na yi shawara, mu tafi abinmu. Wai ni in tsaya in ƙaru."

"Sai?"

"Sai ya taya. Ko rabin abin da ya kamata bai kai ba."

"Sai?"

"Sai tsohon ya ce boleh."

Ga wanda bai zauna Malesiya ba, boleh na nufin an yarda.

"Nan take?"

"Ko numfashi bai ja ba, Hajiya. Ya kama hannun Dakta, ya dafa ƙirji, ya damƙa masa igiya. Matarsa tana gefe, da idona na ga ta ɗaga hannu sama tana gode wa Allah."

"A nan ya kamata ku gane!" in ji Priscilla daga cikin banɗaki.

Hadijatu ta dubi ƙeyar mijinta.

"Sai ka ce ka fasa mana."

A karon farko Maitama ya juyo gaba ɗaya.

"In fasa? Na taya, an sallama min, in fasa?"

"Wa ya san ka a ƙauyen nan?"

"Ni na san kaina. Shekara arba'in Baba yana dillancin shanu a kara, ba a taɓa cewa ya ba da hannu ya janye ba. Yayana ya taɓa yi sau ɗaya, Baba ya hana shi taka kara shekara guda."

"Baba yana Wudil. Kai kana cikin motar mutane, ga takardarsu can a saman ƙofa. In karanta maka?"

"Na 'yan awoyi ne kawai. Na yi waya da abokina Hafiz, yana da fili bayan gidansa a Gombak. Bayan la'asar zai dawo. Mu sauke ku a gida, mu kai masa, mu wanke mota. Gobe da safe in mayar wa Farfesa, ko gashi ɗaya ba zai gani ba."

"Kuma in an zo suna a gidanmu, ga nama a ajiye," in ji George, don ya taimaka.

"Sunan ɗana?" in ji muryar banɗaki. "Da wanda ya zo daga Pahang a kan masai?"

Aka ji ƙarar ruwa. Famfo lafiya, tanki lafiya. Priscilla ta fito riƙe da wani abu da yatsa biyu.

"Malam, wannan fa? A ƙasa na tsince shi. Durowar ƙarƙashin wurin wanke hannu a buɗe take."

Shuɗin bango ne na roba, mai zobe a gefe.

Maitama ya kwance bel ɗinsa. Bai yi sauri ba. Ya zo ya karɓa da hannu biyu. Farkon littafin yana nan. Ƙarshensa yana nan. Tsakiya babu, sai guntayen takarda maƙale a jikin zoben, wasu da alamar jan biro.

Ya tsuguna gaban tauren, ya buɗe bakinsa da irin ƙwarewar da ya nuna a kasuwa. Ya zaro abin da ya rage. Lungun shafi ne, jiƙaƙƙe, da lamba 171.

Ga abin da ya sa ya zauna daɓas a kan kafet. Farfesa Adnan ba ya gyara a kwamfuta. Da jan biro yake yi, a kan takarda, kwafi ɗaya tak. Wata biyar littafin ya yi a kan teburinsa kafin ya dawo. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Bizar Maitama saura mako bakwai, ta Hadijatu da ta 'yarsu Khaulah kuma a jikin tasa suke rataye. In Farfesa ya tafi bai sa hannu a takardar miƙa littafi ba, sabon malami za a ba shi, sabon malami kuwa daga babi na ɗaya yake farawa. Waɗanda suka turo shi karatu sun riga sun rubuto cewa ba ƙarin lokaci.

Hadijatu ba littafin take kallo ba.

"Me wannan yake yi a motar nan?"

Maitama ya rungume bangon a ƙirji.

"Shekara huɗu ina zaune da kai da littafin nan. Na roƙi kwana tara. Na kai Khaulah gidan ƙawata Nuriyya don mu samu kwana taran nan. Ka ce min ka bar shi a gida."

"Cewa na yi in sha Allahu zan bar shi."

"Shi ne ciwon cikin?"

Maitama ya dubi lamba 171.

"Tun Ipoh kake shiga banɗakin nan ka yi minti arba'in. Na hana ka yaji. A Kota Bharu kedai uku, shago bayan shago, na zaga cikin rana ina neman maganin gudawa. Na sa Priscilla ta duba maka ido da harshe."

"Na kuwa ce miki lafiyarsa ƙalau," in ji Priscilla.

"Ashe babi kake yi."

"Uku na gama," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Tsohon da ba ka taɓa gani ba, ba kuma za ka ƙara gani ba, ka cika masa magana. Ni fa? Ko ni ma sai na kama hannunka na damƙa maka igiya?"

George ya yi wata ƙara da ya mayar tari. Motar baya ta yi oda. Ya matsa tsawon mota biyu ya sake tsayawa.

"Dakta," ya ce, "amma ai ka ɗauki hotonsu a waya?"

"Na ɗauka."

Mutum uku suka sauke numfashi.

"Babi na ɗaya zuwa na uku. Sai na gama nake ɗauka."

"Wato waɗanda bai ci ba," in ji Hadijatu.

"Na huɗun ko buɗe shi ban yi ba. A jere nake bi."

Priscilla ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan jaka.

"Wai a kan me littafin yake ma?"

"Yadda ake tsayar da farashi a kasuwannin dabbobi."

Ta dubi tauren na ɗan lokaci.

"To ai ya ba da nasa ra'ayin."

"Ina da shawara," in ji George. "A makaranta an ce mana awaki ciki huɗu gare su. Ƙila babin yana na farko. Ga wuƙa, ga Dakta ya iya yanka."

Abin da ya ba Hadijatu tsoro shi ne mijinta bai yi dariya ba. Ya shafa cikin tauren, ya matsa gefen hagu.

"Tumbi yana riƙe abu," ya ce. "Yakan kwana ma."

"Awa uku," in ji Priscilla. "Takarda da yawu. Ya zama kunu, Malam."

"Kuma a motar Farfesa za ku yi fiɗa," in ji Hadijatu. "A kan titi. A bayanmu motar 'yan sanda ce, ko ba ku gani ba?"

George ya duba madubi. Motar 'yan sanda ce.

A daidai nan tauren ya kwanta, ya naɗe ƙafafu. Wuyansa ya motsa, wani dunƙule ya hau sama, ya fara tuƙa.

"Ga shi yana dawo da shi!" in ji George.

Maitama ya matso da fuskarsa. Ya duba. Ya koma ya zauna.

"Ba ya karantuwa."

Hadijatu ta mayar da wuƙa durowa ta rufe. Ta zo ta tsaya a kansa.

"Gobe za ka je ofishinsa ka gaya masa. Duka. Littafi da akuya."

"Taure ne."

"Abban Khaulah."

"Zai kore ni, Hadijatu. Mutumin da ya taɓa mayar wa ɗalibi babi guda saboda tabon shayi?"

"Zai iya. In ya kore ka mu tattara mu koma Wudil, ka kama dillanci, tunda hannun yana nan. Amma in ka ɗora ƙarya ɗaya a kan wannan, ni ce zan riga ka tattarawa. Tashi."

Ya tashi.

"Tunda yaren kara kaɗai kake ji, ga hannuna. Na taya: gaskiya, a gabansa, ba in sha Allahu. Ka sallama?"

Ya dubi hannun. Ya dubi George. George yana kallon titi da dukkan zuciyarsa.

Ya kama.

"Na sallama."

"Priscilla, kin ji."

"Ni da jariri mun ji."

Sauran hanyar aiki aka yi. Aka kwashe duk abin da ke banɗakin, har da takardar goge hannu da labule, aka mayar da tauren ciki. Igiyar shanya ta riga ta zama gida biyu, don haka sakata kawai aka tura. Hadijatu ta goge kafet da ruwan zafi, ta jona kaskonta na lantarki, ta zuba turaren wutar da aka aiko mata daga Maiduguri.

"Hayaƙi fa," in ji Maitama.

"Sigari ya ce. Ni na iya karatu."

Tauren bai ƙara motsi ba. Ya ƙoshi.

Da ƙarfe uku da hamsin da biyar suka kwana zuwa benensu a Taman Melati. A bakin ƙofar shiga, kusa da ɗakin maigadi, wani gajeren dattijo yana tsaye, mai farin gemu, da rigar batik da lema da 'yar jaka.

George ya taka birki fiye da yadda ake buƙata.

"Dakta. Ka ce min ba shi ba ne."

"Shi ne."

"Ba gobe aka ce ba?"

Maitama ya zaro waya. Saƙo uku ne daga Farfesa, na farko tun sha biyun rana. Wayar ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

"Ni na toshe ƙarar saƙonsa," in ji Hadijatu. "Tun Ipoh." Ta gyara mayafi. "Wannan nawa ne, na ɗauka."

Farfesa ya hau motar da kansa, yana murmushi. Kafin ya gama hawa, George ya riga ya jingina bayansa da ƙofar banɗaki, ya harɗe hannu kamar a nan aka haife shi.

Da Turanci aka yi maganar, Farfesa yana jefa Malayanci nan da can.

"Ku yi haƙuri, lah, shiri ya canza. Jirgin ƙasa na hawo. Jikokina suna Melaka, na yi musu alkawarin kwana a mota a bakin teku. Dole in kama hanya yanzu. Ku sauke kayanku, minti goma."

Aka fara sauke kaya. Kifi, ayaba, tabarmi biyu daga Kota Bharu, buhun shinkafa daga Kedah. George bai ɗauki komai ba.

"Abokinka ba shi da lafiya ne?" in ji Farfesa.

"Baya," in ji Priscilla. "In ya bar bango faɗuwa yake."

Farfesa ya shaƙi iska. Ya sake shaƙa. Mutum huɗu suka daina numfashi.

"Wane ƙamshi ne wannan?"

"Turaren wuta ne, Farfesa," in ji Hadijatu. "Na ƙasarmu."

"Matata za ta so wannan."

Ta miƙa masa kwalbar gaba ɗaya.

Ya ɗaga kai ya dubi takardarsa ta saman ƙofa, ya nuna ta da lema.

"Ba sigari?"

"Ba sigari, Farfesa."

"Ba durian?"

"Ba durian."

Lemar ta sauka kan layi na uku. Farfesa ya yi dariya.

"Wannan don jikokina na rubuta, kullum sai sun ɓoyo kyanwa a jaka. Ba sai na tambayi manya ba."

Hadijatu ta taka ƙafar mijinta.

"Farfesa," in ji Maitama, "akwai wata magana."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ita ta kawo ni da kaina. Da mota ce kawai, ɗana zan aiko." Ya rage murya. "Shafi na ɗari da sittin da biyar. Ƙarshen babi na huɗu."

Maitama ya dubi ƙofar banɗaki.

"Na daɗe ina tunani kafin in rubuta. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban taɓa rubuta wa ɗalibi irin wannan ba. Ba zan maimaita a gaban jama'a ba, tsakanina da kai ne. Na san abu ne mai nauyi, ya kuma shafi iyalinka. Shi ya sa na ba ka motar, don ku samu lokacin shawara kai da matarka." Ya juya wajen Hadijatu. "Kwana tara. Na tabbata kun tattauna."

"Kullum yana kan maganar, Farfesa," in ji Hadijatu. "Minti arba'in-arba'in."

"Na san shi." Ya zaro wata doguwar ambulan daga jakarsa, ya ɗora a kan tebur. "Ga takardar miƙa littafinka. Amsarka take jira. In eh ce, ina isa Melaka zan sa hannu, gobe ƙarfe takwas in kira shugaban sashe. In a'a ce, ba komai, amma sai mu sake lissafin komai daga farko, ni kuma ka san saura kwana nawa."

Ya miƙo hannu.

"Eh ko a'a?"

"Ka sallama min," in ji Hadijatu da Hausa, bakinta bai motsa ba.

"Ka ce eh," in ji George daga jikin ƙofa. "In babba ya yi murmushi eh ake cewa."

"Ka ce akuya," in ji Priscilla.

"Taure ne," in ji Maitama.

"Me ka ce?" in ji Farfesa.

Hannun yana nan a iska, mai tabon jan biro a babban yatsa. A gidan da Maitama ya tashi ba a barin hannun dattijo a iska. Daga baya ya rantse cewa niyyarsa ya kama ne kawai, sannan ya fara bayani.

Ya kama.

"Boleh, Farfesa."

Farfesa ya riƙe hannun da hannu biyu, sannan ya dafa ƙirji. Idonsa ya kawo ruwa.

"Alhamdulillah. Na ce wa matata wannan yaron ba zai ba ni kunya ba. Laraba ka zo da fasfo ɗinka, da na iyalinka duka." Ya karɓi mabuɗi daga hannun George, ya kama kafaɗarsa ya raba shi da ƙofar a hankali. "Kai kuma ka je asibiti. Ku sauka, ku sauka, rana na yi." A bakin matakala ya juyo. "Maitama, ka iya iyo dai ko?"

"Iyo?"

"Ba komai. Za ka koya."

"Farfesa," in ji Hadijatu daga ƙasa, "akwai..."

"Turaren? Na gode ƙwarai. In akwai wani abu ku aiko saƙo, sai na isa zan gani. Ba na tuƙi da waya a kunne."

Ya kashe ta a gabansu, ya jefa aljihu, ya jawo ƙofa.

Suka tsaya su huɗu a cikin kifi da ayaba.

"Me ka yarda da shi?" in ji George.

"Ban sani ba."

"Aiki ne?"

"Ban sani ba."

"Iyo fa ya ce," in ji Priscilla.

Hadijatu ta ɗauki tabarma ɗaya ta saɓa a kafaɗa.

"Yau sau uku ka ba da hannu," ta ce. "Tsoho biyu sun samu nasu."

Ta shige ciki. Ba ta jira lif ba.

Motar ta bar ƙofar benen da ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu, ta ɗauki hanyar kudu. Melaka awa biyu ce in babu cunkoso. Ambulan ɗin tana kan tebur, taku ɗaya daga ƙofar banɗaki, ƙofar kuma sakata ce kawai ta riƙe ta. Maitama ya kira sau goma sha ɗaya, wayar a kashe.

Waɗanda suka taɓa ganin jan biron da ke shafi na ɗari da sittin da biyar su biyu ne, kuma dukansu suna cikin motar.